Daga Ushuwaya Zuwa Jojiya Ta Kudu: Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallon Tsuntsaye Da Namun Teku A Tsibiran Ƙanƙara

Wari ne ke fara yi maka maraba. Kana cikin kwalekwalen roba, da sauran tafiya kafin gaɓa, sai iska ta kaɗo maka ƙarnin kifi haɗe da warin akurkin kaji, irin wanda ke kama riga ya ƙi saki. Bayan wari sai ƙara, kamar an tara masu kakaki da masu algaita na masarautu goma kowa na busa nasa. Sai ka sauka ka hau ɗan tudu sannan za ka ga masu wannan aiki. Fengwin ne, tsuntsun nan da ba ya tashi sama, mai tafiya a tsaye kamar mutum, wanda fikafikansa suka koma abin iyo. A gaɓar St Andrews kaɗai, a tsibirin Jojiya ta Kudu, akwai fiye da ma'aurata 150,000 na jinsin da ake kira sarkin fengwin. Tun daga bakin ruwa har gindin duwatsu babu masakar tsinke.

Wannan wuri ba shi da filin jirgin sama, ba shi da otal, ba shi da mazauna na dindindin. Hanya ɗaya ce: jirgin ruwa. Ga yadda ake bin ta.

Da farko, kudu za ka ko arewa?

Mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya, alhali ƙarshen duniya biyu ne. Fengwin na kudu ne. Farin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai farauta a kan ƙanƙara, na arewa ne. Ba su taɓa haɗuwa a mazauninsu ba. In farin beyar kake so, tsibiran Svalbard na ƙasar Nowe za ka nufa, tsakanin Mayu da Satumba, ka hau jirgi a garin Longyearbyen. Tafiya ce ta mako ɗaya zuwa kwana goma, ta fi sauƙin kuɗi, tekun ma ya fi lafawa. Amma ka sani farauta ce da ido: kana iya wuni da madubin hangen nesa kana laluben ɗigo ɗaya mai launin madara a cikin fari. Tun Janairun 2025 kuma doka ta ce kada a matso kusa da beyar ƙasa da mita 300, a wasu watanni ma 500. Shi Svalbard ba ya neman biza, amma ta Nowe ake ratsawa, don haka sai da bizar Shengen mai shiga sau biyu.

A kudu ba ka laluben komai, su ne ke taka maka takalmi. Shi ya sa na zaɓi hanyar kudu a wannan jagora, kuma a kudun ma doguwar hanya: a tashi daga Ushuwaya a ƙasar Ajantina, a biya tsibiran Fokland, a wuce Jojiya ta Kudu, wadda za ka ga an rubuta South Georgia a takardun kamfanoni, a gangara zirin Antatika, a dawo ta mashigin Drake. Kwana 18 zuwa 22 ke nan. Akwai gajeriya ta kwana 10 ko 11 da ke zuwa Antatika kawai ta juyo. Tana da kyau, duwatsun ƙanƙararta ba su da na biyu. Amma in don dabbobi ka fito, ka tsallake Jojiya ta Kudu, ka je biki ne ka dawo ba ka ga amarya ba.

Wata

Bazararsu ita ce hunturunmu. Jirage suna aiki daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris, kuma kowane wata da nasa kasuwar.

Ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba na giwar sil ne. Sil dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa a ruwa ta fito gaɓa ta haihu, ita kuwa giwarsu namijinta kan kai tan huɗu, da hanci mai lilo kamar guntun haure. A lokacin ne maza ke miƙewa ƙirji da ƙirji suna sarar juna a kan mata, jini na zuba a wuya. A Disamba da Janairu rana ta fi tsawo, ƙwan fengwin na zirin Antatika na ƙyanƙyashewa, kuɗin jirgi ma ya fi tsada. Sai dai a tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba mazan sil mai gashi kan cika gaɓar Jojiya ta Kudu suna tsaron fili, har wasu wuraren su gagara sauka. Tsibirin Prion ma, inda babban tsuntsun tekun nan albatros ke sheƙa, akan rufe shi daga 20 ga Nuwamba zuwa 7 ga Janairu saboda sil masu gashin. Fabrairu da Maris na kifin wel ne, wanda sunan kifi kawai ya ara, don iska yake shaƙa kuma nono yake ba ɗansa.

Sarkin fengwin kuwa bai damu da kalandarka ba. Daga kwanci zuwa yaye yana ɗaukarsa kusan wata 14, saboda haka kusan duk watan da ka je za ka tarar da masu ɗauke da ƙwai a kan ƙafa, da 'ya'ya masu gashi ruwan ƙasa kamar an lulluɓe tulu da bargo. In ni ne, Nuwamba zan zaɓa.

Jirgi: nan ne ake cin riba ko a tafka asara

A nan zan daɗe, domin kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa a teku.

Kamfanonin da ke wannan aiki suna da ƙungiya mai suna IAATO, an kafa ta a 1991, kuma dokokinta ne ke tsara kowace sauka. Uku daga ciki su ne ma'aunin zaɓen jirgi. Ba a sauke fiye da fasinja 100 a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa, sai dai a yi kallo daga bene. Sannan kowane mutum 20 a gaɓa sai da jagora aƙalla ɗaya.

Yanzu yi lissafi da kanka. Jirgi mai mutum 100 ko ɗan sama da haka, kowa ya sauka tare, a yi awa biyu ko uku, da rana a sake wani wuri. Mai mutum 200 sai an raba gida biyu, rabi a gaɓa rabi a kwalekwale suna zagaye, sannan a yi musanya. Mai 400 kuwa layi za ka bi, ka samu awa ɗaya a wuni in an yi sa'a, wasu wuraren ma ba a yarda ya tsaya ba. Babban jirgi yana da wurin wanka, da ɗakin rawa, da abinci kala-kala, kuma ba ya tangaɗi sosai. Duk gaskiya ne. Amma ba ka ratsa rabin duniya don ka ci abinci ba. Abin da kake saye shi ne awannin da ƙafarka za ta yi a ƙasa.

Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa kamfani ka nemi amsa a rubuce. Shin suna cikin IAATO? Fasinja nawa ne iyakarsu a wannan tafiya? Kwana nawa cur aka ware wa Jojiya ta Kudu? Wannan tambaya ta fi sauran nauyi. Iskar tsibirin tana gangarowa daga duwatsu ba sallama, cikin minti goma ruwan da yake kwance ya koma fari. Wanda aka ware wa kwana biyu, iska ta cinye ɗaya, ya tashi da rabi. Nemi mai kwana huɗu, uku shi ne mafi ƙaranci. Tambayi kuma yawan jagorori da abin da suka karanta, ko akwai masanin tsuntsaye da masanin duwatsu da masanin tarihi, domin kusan rabin kwanakin tafiyar a tsakiyar teku ake yin su, laccocinsu ne abincin wuni.

Kada ka raina batun ƙarfin jikin jirgi. A Nuwambar 2007 jirgin Explorer ya ci karo da ƙanƙara kusa da tsibiran Shetland ta Kudu ya nutse. Allah ya kiyaye, duk mutum 154 da ke ciki aka cece su, bayan sun yi awanni a kwalekwalen ceto. Tun Janairun 2017 akwai dokar ƙasa da ƙasa ta musamman kan jiragen da ke shiga waɗannan ruwaye, kuma kowane jirgi yana da takardar da ta nuna irin ƙanƙarar da zai iya kutsawa. Kamfanin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi.

Ɗaki kuwa, zaɓi na ƙasa, na tsakiyar jirgi. Shi ne mafi arha kuma shi ne mafi ƙarancin lilo. Na sama masu baranda sun fi tsada, su ne kuma igiyar ruwa ta fi wasa da su. Mai tafiya shi kaɗai yana iya neman a haɗa shi ɗaki da wani, maza da maza, mata da mata, ya huta da ƙarin kuɗi.

Kuɗi da takardu

Ba za a ɓoye ba, tafiyar masu hali ce. Doguwar hanyar takan fara daga wajen dala 15,000 ga mutum ɗaya ta yi sama, gajeriyar kuwa kusan rabin haka. Ban da tikitin jirgin sama, da otal, da inshora, da ihsanin ma'aikatan jirgi wanda akan lissafa dala 15 zuwa 20 a kowace rana. Akan ba da kafin alƙalami, a cika sauran wata uku ko huɗu kafin tashi. Jirage masu kyau suna cika tun shekara guda kafin lokaci. Za ka ji labarin masu zuwa Ushuwaya su zauna jiran kujerar da ta ragu a rabin kuɗi. Gaskiya ne ana samu, amma dabara ce ta wanda fasfonsa ke shiga Ajantina ba biza, ba tamu ba.

Mai fasfon Najeriya sai da bizar Ajantina, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Nemi mai shiga fiye da sau ɗaya, don jirgi zai fita da kai daga ƙasar ya dawo da kai. Antatika ba ta kowa ba ce, yarjejeniyar 1959 ce ke riƙe da ita, ba ta da biza, kamfani ke karɓar izini. Fokland da Jojiya ta Kudu kuwa suna hannun Birtaniya, don haka aika wa kamfani hoton fasfonka tun farko su rubuto maka abin da ake buƙata daga mai irin wannan fasfo. Wani abin lura: Ajantina tana kiran Fokland da suna Malbinas, tana cewa nata ne, an yi yaƙi a kai a 1982. A Ushuwaya za ka ga alluna da ke faɗin haka. Kai baƙo ne, ja bakinka.

Inshora dole ce, kuma wadda ta ƙunshi kwaso majinyaci, ta dala dubu ɗari ko fiye. Ka kuma fahimci iyakarta. Daga Jojiya ta Kudu zuwa asibiti mafi kusa, a garin Stanley na Fokland, kusan kilomita 1,400 ne, tafiyar kwana biyu da wani abu a ruwa, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya kaiwa. Wanda ya karye a can, da shi da fasinjojin duka za a juya. Shi ya sa akwai takardar lafiya da likitanka zai sa wa hannu. Faɗi gaskiya a cikinta. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai asma, su ɗauki magani ninki biyu a jakar hannu. Mai sikila kuwa, sanyi na daga cikin abin da ke tayar da ciwon, kada ya biya kuɗi sai ya zauna da likitansa.

Kaya

Sanyin bai kai yadda ake zato ba. A bazara ma'auni yana yawo ne tsakanin ɗan ƙasa da sifili zuwa digiri 8 ko 10. Abin da ke kashe jiki iska ce da jiƙewa. Sirrin shi ne hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki ta ulu ko roba, ta tsakiya mai laushi da kauri, ta waje mai tare ruwa da iska. Auduga kada ta taɓa fatarka. Tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa ta koma kamar an manna maka ƙanƙara. Shadda da yadi a bar su don cin abincin dare.

Yawancin kamfanoni suna ba da rigar waje kyauta, su ara maka takalmin ruwa mai dogon wuya. Wandon da ruwa ba ya ratsawa kai za ka zo da shi, ba a barin kowa ya shiga kwalekwale ba shi. Safar hannu biyu biyu, don ɗaya za ta jiƙe. Hula mai rufe kunne, da mayafin wuya. Mace ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai ta cusa shi cikin riga, domin dogo iska za ta mayar da shi tuta, kuma yana iya sarƙewa da rigar ceto. Baƙin tabarau wajibi ne, hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido. Kada baƙar fata ta ruɗe ka, rana a can tana ƙuna, shafa man kariya. Leɓe da dunduniya kuwa ban ga abin da ya kai man kaɗanya ba. Sai madubin hangen nesa, da jakar da ruwa ba ya shiga, da batir na ƙari a aljihun ciki, saboda sanyi na zuƙe caji kamar wasa.

Hanya zuwa bakin ruwa

Daga Afirka ta Yamma akan bi ta Addis Ababa ko Istanbul ko wani birnin Turai zuwa Buenos Aires, kowace hanya ka binciki bizar ratse. Daga nan awa uku da rabi ne zuwa Ushuwaya. Buenos Aires tana da filin jirgi biyu, Ezeiza da Aeroparque, da tazara mai yawa a tsakani, duba tikitinka da kyau. Jiragen cikin gida kuma sau da yawa kilo 15 suke yarda da shi. Isa Ushuwaya kwana biyu kafin tashi. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ne da za a ce direba ya ɗan jira, in ya ɗaga ya ɗaga, babu tashar gaba da za ka tare shi.

Da yamma ake fita ta mashigin Beagle, ruwa kwance kamar tabarma. Kada ya yaudare ka, tsakar dare za a shiga buɗaɗɗen teku. Sha maganin jiri tun kafin a fita, ba sai zuciya ta fara tashi ba. Akwai na haɗiya, akwai na mannawa a bayan kunne, likita zai zaɓa maka. Citta tana taimakawa, haka ma busasshen biskit da kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka zauna da yunwa. In kana tafiya a cikin jirgi hannu ɗaya ya zama a kan ƙarfe koyaushe, kuma kada ka dafa bakin ƙofa, ƙofofin ƙarfe ne masu nauyi, igiyar ruwa ɗaya ta ishe su datse yatsa.

In ka samu kanka, fita bayan jirgi. Albatros zai biyo ku, babbansu faɗin fikafikansa ya kai mita uku da rabi, yana zamiya a kan iska awa da awanni ba ya kaɗa su. Tsakanin Fokland da Jojiya ta Kudu za a ratsa inda ruwan sanyi na kudu ke nutsewa ƙarƙashin mai ɗumi. Za ka ji iska ta sauya, hazo ya sauko. Daga nan aka shiga gonar kiril, ɗan jatan landen da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wanda da yawa daga fengwin da sil da wel a kansa suke rayuwa.

Sallah, abinci, azumi

Alƙibla ba ta da wuya. A Ushuwaya da zirin Antatika gabas ce kusan sak, a Jojiya ta Kudu sai ka ɗan karkata arewa. Ɗakin tuƙi a buɗe yake a yawancin ƙananan jirage, shiga ka tambayi inda jirgi ya fuskanta. In tangaɗi ya yi yawa a yi a zaune. Ka tuna rana a can ta arewa take bi da tsakar rana. Matafiyi yana da ƙasaru da jam'i, kuma za ka buƙace su, don ba a shimfiɗa komai a gaɓa. Inda ake shan wuya shi ne zirin Antatika a Disamba: rana takan faɗi, amma jan sama ba ya ɓacewa har gari ya waye. Malamai sun yi bayanin ƙaddara lokaci a irin wannan wuri, zauna da malaminka kafin ka tashi ka tafi da hukunci ɗaya. Duba kalanda kuma, domin azumi na iya faɗowa cikin kakar tafiya.

Batun abinci rubuta shi a takardar rajista. Ba kowane jirgi ke da yankan Musulmi ba, amma kifi da ganye da ƙwai ba sa yankewa. Yaji a ƙaramin kwalba zai cece ka a ranar goma. Kilishi kuwa bar shi a gida, jami'an Ajantina ba sa barin nama ya shiga.

Shara kafin sauka

Kwana ɗaya kafin Jojiya ta Kudu za a kira kowa da kayansa na waje. Ga injin zuƙar ƙura, ga buroshi, ga ɗan tsinken ƙarfe. Aljihu za a juye, a bi kowane ɗinki, a tsefe abin mannewar nan na bakin hannun riga, a ƙwaƙule ƙasan takalmi. Ni a ragar jakar bayana aka zaro ƙarangiya guda biyu, jakar da na rantse na wanke. Jagorar ta ɗaga su a hasken fitila tana juyawa, ba ta taɓa ganin irinsu ba, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage.

Akwai dalilin wannan tsanani. Jiragen mafarautan sil da wel sun kai ɓeraye tsibirin, suka yi ta cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, tunda babu bishiya ko ɗaya. Daga 2011 zuwa 2015 wata gidauniya ta yi ta watsa guba da jirage masu saukar ungulu, a Mayun 2018 aka tabbatar babu sauran ɓera. Barewar ƙanƙara da 'yan Nowe suka kawo a 1911 ita ma an kawar da ita a 2013 da 2014. Yanzu ɗan tsuntsun nan mai waƙa, wanda babu irinsa ko'ina sai a tsibirin, ya dawo gaɓar da ya ƙaurace wa. Wanda ya sha wannan wahala ba zai yi maka wasa da ƙwayar ciyawa ba. A Grytviken, tsohon garin mafarautan wel a tsibirin, jami'an gwamnati suna hawowa jirgi su duba takalma da kansu.

Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a yankin a Oktoban 2023 an ƙara tsanantawa. Ba zama, ba durƙuso, ba kwanciya don ɗaukar hoto, ba ajiye jaka a ƙasa. Takalmi kaɗai ke taɓa ƙasa, shi ma a tsoma shi a ruwan magani fita da dawowa. Wurin da aka ga mushe da yawa akan rufe shi nan take.

A kwalekwale da kan gaɓa

Kwalekwalen roban, wanda kowa ke kira Zodiac, yana ɗaukar mutum 10 zuwa 12. Rataya jaka a baya, hannu biyu su zama wofi. Matuƙi zai miƙo hannu, kada ka ba shi tafi kamar gaisuwa, kama tsintsiyar hannunsa shi ma ya kama taka. Jira sai ya ce taka, domin kwalekwalen yana hawa da sauka. Kana shiga zauna, ka ja gindi zuwa wurinka. A gaɓa babu matakala, cikin ruwa za ka dira, wani lokaci har ƙwauri.

Tazara mita biyar ce daga kowace dabba, ga mazan sil kuwa 15 ko fiye. Dabba ce ke da hanya. Kada ka shiga tsakaninta da teku. In ka ga fengwin ya tsaya shi kaɗai gashinsa na zuba kamar tsohuwar katifa, sauya gashi yake, makonni zai yi bai ci komai ba, kowane taki da ka sa shi ya yi daga kitsensa ne. Dokar ta hana ka matsawa, ba ta hana su ba. Tsaya cik minti biyar, ɗan sarkin fengwin zai tako ya leƙa takalminka yana karkata kai. Saurara kuma da kyau: uwa ko uba na dawowa daga teku zai ɗaga baki ya yi kira, a cikin dubban 'ya'ya ɗaya ne zai amsa da fito, da murya suke gane juna.

Sil mai gashi shi ne abin tsoro. Kamar kare yake a fuska, kuma a kan duwatsu ya fi ka gudu. In ya taso kada ka juya baya. Tsaya, ɗaga hannuwa, tafa, ka ja da baya a hankali. Cizonsa yana ruɓa, asibiti kuma ka ji inda yake.

A Grytviken za a kai ku cikin tsatsar tashar narkar da kitsen wel da ɗan Nowe Carl Anton Larsen ya kafa a 1904. Kafin a daina a tsakiyar shekarun 1960, tashoshin tsibirin sun narkar da wel fiye da 175,000. Yanzu sil ne ke barci a gindin tankunan man. Sauran tashoshin, irin su Stromness, ba a matsawa ƙasa da mita 200 saboda rufin ƙarfe da iska ke fizga da ƙurar asbestos, wani kayan gini mai lahani ga huhu. A maƙabartar garin akwai kabarin Ernest Shackleton, shahararren mai binciken Antatika, wanda jirginsa Endurance ya nutse a ƙanƙara a 1915, ya ratsa kilomita 1,300 a ƙaramin kwalekwale daga tsibirin Elephant, ya tsallake duwatsun Jojiya ta Kudu da ƙafa cikin awa 36 ya nemo wa mutanensa ceto. A nan ya rasu ranar 5 ga Janairun 1922. Al'adar jirage ce a raba giya a bakin kabarin. Ka ce a ba ka ruwa, ba wanda zai kalle ka sau biyu.

Kowace yamma shugaban tafiya zai nuna taswirar iska ya faɗi shirin gobe, da asuba kuma lasifika ta tashe ka da wani shirin daban. Jadawalin da ke cikin takardar talla fata ne, ba alkawari ba. In an ce a sauka ƙarfe huɗu na asuba a gaɓar Gold Harbour saboda iska za ta taso da hantsi, tashi. In kana gaɓa ka ji jirgi ya yi ƙaho, bar hoton ka nufi kwalekwale.

Dawowa

Bayan zirin Antatika saura mashigin Drake, kwana biyu, wata rana kamar tafki, wata rana sai an ɗaure kujeru. Da safe ake sauka a Ushuwaya, saboda haka kada ka yanki tikitin da zai tashi kafin azahar. Za ka ji ƙasa tana lilo a ƙarƙashinka kwana ɗaya ko biyu, ba ciwo ba ne, kunne ne bai yarda an iso ba. Wandon ruwa da safar hannu kuwa ƙulle su a leda biyu kafin su shiga akwati, in ba haka ba duk kayanka har tsarabar yara warin St Andrews za su yi.